Wanzamin da Jininsa Ya Ƙi Tsayawa

Ka ce dasashinka na jini in ka yi asuwaki, shi ya sa kake so ka ajiye ƙwayar da likita ya ɗora ka a kai. To, ƙanena, gyara zama in ba ka misali da wani wanzami da na sani.

Wanzamin nan ya fi shekara arba'in yana rataye da zabira. Rabin mazan unguwarsu shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya, da suka manyanta kuma shi ke kafa musu ƙaho a gadon baya. In ya ɓalle ƙahon, sai ya juye gudajin jinin ya nuna wa mutum, ya ce, "Ga mataccen jinin da ke sa ka kasala." Zancen jini dai a unguwar nan, in ya faɗa ta zauna. Sai zamani ya juya masa baya. Samari suka koma shagon aski mai inji, kaciya ta koma asibiti. Matarsa ta rasu, ɗansa aiki ya kai shi Kudu, 'yarsa tana aure a wani gari. Ya rage daga shi sai tabarma a zaure, yana wasa aska yana jiran wanda ba lallai ya zo ba.

Wata rana da hantsi yana yi wa wani dattijo aski, askar ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Kafin a isa asibiti abin ya sake shi. Likita ya auna shi, ya ce bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, shi ke sa jini ya daskare ya yi ɗan guda, gudan ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Wannan karon ya wuce, na gaba ba tabbas. Aka ba shi maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum. Wata ma'aikaciyar jinya, sa'ar jikarsa, ta ce masa, "Baba, ban da ƙaho. Ka riƙa zuwa ana auna jinin. In ka ga jini ya ƙi tsayawa, kada ka daina sha da kanka, ka zo mu duba, wataƙila ragewa kawai za a yi." Ya ce to, irin to ɗin da babba ke ce wa yaro.

Magani kam ya sha, awon ne bai koma ba. Ran nan yana gwada kaifin aska a babban yatsa, ta ɗan tsaga shi, yankan da bai kai a ce wash ba. Ya danne ya saki, jini na zuwa. Ya barbaɗa garin maganin da yake sa wa masu kaciya, jini na zuwa, tsinkakke kamar ruwan zoɓo. Sai da ya ɗaure da tsumma, aka jima, sannan ya tsaya. Ya zauna shi kaɗai yana kallon tsumman. A iya saninsa, jinin lafiyayye kamawa yake nan da nan; wanda jininsa ya koma ruwa, tasa ta kusa ƙarewa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, kuma babu kowa a gidan da zai gaya wa ya ji tsoro. Asibitin ba nisa, daga ƙofar gidansa ana hango tankin ruwansu. Amma ya je ya bi layi ya tambayi yarinya ƙarama zancen jini, shi da ake tambaya? Ranar Juma'a ɗansa ya bugo waya ya ce, "Baba, ana dai shan magani?" Ya ce, "Ana sha." Ƙwayoyin kuwa suna can ƙasan zabira, tun ranar da ya yanke ya daina sha.

Abin takaicin, bai ji komai a jikinsa ba. Da ya sake yankewa jini ya tsaya nan take, ya ce ai ga irinta nan, ya warkar da kansa. Bayan mako bakwai aka yi haihuwa a maƙwabta, aka gaya masa suna ranar Talata. Talata ta zo, an yanka rago, wanzami shiru. Mutane suka ce tsufa ne, mantawa ya yi, aka kira wani. Ba wanda ya leƙa shi sai bayan la'asar, da uban jaririn ya kawo masa wainar suna. Ya yi sallama uku, ya shiga, ya same shi kwance a tsakar gida kusa da buta, rana ta gama dukansa tun safe. A asibiti aka ce lokacin da za a iya narkar da gudan ya riga ya wuce.

Yana nan da rai. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya tafi. 'Yarsa ta zo ta yi wata biyu ta koma ɗakinta, yanzu maƙwabta ke karɓa-karɓar kai masa abinci da ba shi magani. Nakan je in zauna da shi, kuma ba na fitowa da daɗin rai. Duk wanda ya shigo, sai ya kamo hannun rigarsa da hagu, ya buɗe baki, idanun nan cike da tambaya, ba abin da ke fita sai iska. Mutum ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba," ya zare rigarsa a hankali ya tafi.

Ban ce jinin da ka gani ba komai ba ne. Abin dubawa ne, amma ba kai za ka yanke masa hukunci a ɗaki kai kaɗai ba. Tashi ka je wurin waɗanda suka ba ka ƙwayar, tun bakinka na iya magana. Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.