Sunan Marayan Dokki

Ranar Alhamis, goma sha biyu ga watan Afrilu, 1979, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, aka ci mutuncin Malam Gidaɗo. Ya san lokacin daidai domin ya duba agogonsa, kamar yadda ya yi shekara talatin da ɗaya yana dubawa a ƙofar makarantar firamare a Gusau, yana jiran masu makara.

Tun da ya yi ritaya ya biyo ɗansa, ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya, zuwa Alƙahira, aiki ɗaya ya rage masa, kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu. Duk gidan ɗan Najeriya da aka samu ƙaruwa, daga unguwar Dokki har ta Faisal, wurinsa ake zuwa neman suna. Uba na iya kawo nasa zaɓin, amma ba a yanke magana sai Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ya yi." Suna ashirin da uku ya sa cikin shekara biyar, ba ko ɗaya da aka dawo aka ce bai dace ba.

Sai Lawali, akawun ofishin, ya ɗauko maraya. Mota ce ta kaɗe uwar a babban titin Faisal, mai gadin wani bene ya rasa yadda zai yi da ɗan, Lawali kuwa mutum ne mai tausayi. Ya naɗo shi cikin tawul ya kawo gidansa na Dokki. Matarsa Lauratu ta leƙa sau ɗaya, ta ce wanda ya ɗauko shi zai yi wahalarsa. Lawali ya sayo kwalbar madara, ya kai shi wurin likita aka yi masa allurai.

Malam ya je gani. Ɗan talikin ja ne, ga manyan idanu, ga kuka ba ƙaƙƙautawa. Da Malam ya tashi tafiya, Lawali ya rako shi bakin ƙofa yana dariya, ya ce, "To Malam, sai a duba mana suna."

Malam bai ga abin dariya ba. Kwana uku ya yi yana juya maganar. Ya rubuta sunaye takwas a takarda, ya soke bakwai da jan alƙalami, ya tsaya a kan Jatau. Gajere ne, na gida ne, ya dace da launin mai shi, kuma ko Bamisire ba zai sha wuya wajen faɗinsa ba.

Ranar Alhamis ɗin ya sa farar riga, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya taka har gidan Lawali. Tun daga ƙofar lambu ya jiyo wata murya: "Ra'adu! Yalla, zo nan, Ra'adu!"

Nata'ala ne, tafintan ofishin, durƙushe yana tafa hannu. Nata'alan da Malam ya koya wa riƙon alƙalami a Gusau. Nata'alan da ya maimaita aji huɗu.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Nata'ala. "Ra'adu, wato tsawa da Larabci. Ai ka ji muryarsa. Sunan zamani ne, Misirawa na sonsa."

"Wa ya tambaye ka?"

Lawali ya sosa ƙeya. "Ma'alish, Malam, ba komai ba ne. Faɗa kawai ya yi, sai muka ga ya waiwayo. Shi ke nan, sunan ya bi shi."

Malam ya duba agogo, ya juya ba sallama.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ya haɗiye. Amma ba a yi mako biyu ba surukarsa ta dawo daga unguwa da labari. Murja, matar wani ɗalibi, mai cikin wata takwas, ta faɗa a gaban mata cewa in ta sauka, Nata'ala za ta sa mijinta ya tambaya, shi ya san sunaye masu daɗin ji. Malam ya ture kwanon wake daga gabansa, bai ƙara ko loma ba.

Ya daina bin layin gidan Lawali. In aka fito masallaci ya hango ana gaisawa da Nata'ala, sai ya tsaya yana kallo. Har ƙidaya ya koma yi, mutum nawa suka tsaya wa tafinta, nawa suka tsaya masa. Ranar da tafinta ya samu tara shi ya samu shida, ya zauna ya rubuta takardar ƙara, shafi huɗu, ba gyara ko ɗaya.

Juma'ar farko ta watan Mayu ƙungiyar 'yan Najeriya ta yi taronta bayan salla. Malam ya miƙe ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, da rana da lokaci da shaidu. Lawali ya kafa wa takalminsa ido. Mata a baya suka toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdussalam, ya yi gyaran murya. "Malam, girmanka ne. A bar maganar nan mana, don Allah. Jama'a fa na kallo."

"Don su kalla na zo, shugaba." Malam ya ninke takardar, ya cire tabarau. "A soke wannan suna yau. Lawali da tafintansa su miƙe a nan, gaban kowa, su nemi gafarata da babbar murya. Kuma kada wanda ya sake ce mini wai ai kare ne. Na ga wutsiyarsa da idona, kuma duk da haka sai an ba ni haƙuri."