Birkin da Ba Ya Kuka

"Na cire birkin ganga na gaba, na sa mai faifai," in ji bakanike. "Kukan nan ya ƙare."

Shekara talatin tsohuwar motar maigida tana ihu tun daga kwanar layi. Yau ta tsaya a ƙofar gida shiru.

Gidan da yake alfahari ko tari ba a yi, sai ya tarar ana dariya har da tafi. Matarsa ce sanye da hularsa, tana kwaikwayon muryarsa.

Washegari ya koma gareji. "Mayar mini da tsohon."

Bakanike ko ɗagowa bai yi ba. "Kai ne na huɗu da ya roƙi haka yau, ranka ya daɗe. Maman yaranka ce ta fara zuwa, yaran suka biyo baya."