Gado Ɗaya Ya Rage

Tun da aka kafa na'urar tantance marasa lafiya a ƙofar sashen gaggawa, aka daina roƙon ma'aikata. Mutum zai miƙa hannu ta ɗaura masa zare, launin zaren kuma yana sauyawa da halin jikinsa. Mai ja ake fara shiga da shi.

Haladu direban tanka ya zo da ciwon ƙoda, zarensa rawaya. Ya zauna kusa da wani dattijo mai dafe da ƙirji, 'yarsa tana yi masa fifita. Da ya ji gado ɗaya ya rage, sai ya tuna dabarar da ake faɗa a tasha. Ya zagaya bayan gini ya yi ta gudu har zaren ya yi ja, aka kwantar da shi.

Bai gama haki ba aka shigo da dattijon, aka shimfiɗe shi a ƙasa ana danna ƙirjinsa.

"Zarenka ya ɗan riga nasa yin ja," in ji ma'aikaciyar jinya, tana duban Haladu.

Can sai zaren dattijon ya koma fari, likita ya miƙe a hankali.

'Yar ta ɗauki takalman mahaifinta. Da za ta wuce ta tsaya a gefen gadon.

"Sannu Malam, kai ma ka sha wuya. Allah ya ba ka lafiya."

Haladu ya juya fuskarsa bango, bai iya cewa amin ba.