Farin Hankici a Bakin Salansa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da hukuma ta haramta tayar da injin fetur. Duk injin da aka samu an tayar, narkar da shi ake yi. Kallo kaɗai aka bar mana.

Ranar Laraba bayan la'asar na shiga gaida maƙwabcina Malam Sallau, tsohon bakanike. Na tarar da baƙo tsaye a kan injinsa mai silinda goma sha biyu, wanda bututansa na jan ƙarfe suka murɗe kamar ƙahonin rago. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan ƙira.

"Masha Allah, Baba! Hoto kawai zan ɗauka," in ji baƙon.

Sai dai ban ga ya ɗauka ba. Farin hankici ya zaro, ya goga a bakin salansa inda hayaƙi ke fita, ya ninke, ya mayar aljihu.

"Ɗan nan, injin nawa mura yake yi ne?" in ji Sallau, yana yaƙe.

Baƙon ya juyo gare ni. "Allah gafarta Malam, an ce ba ka ƙarya. Ka taɓa jin ƙararsa ranar Juma'a?"

"Ban taɓa ji ba."

Gaskiya na faɗa. Duk Juma'a da hantsi Sallau kan roƙe ni in cire na'urar jin da ke kunnena, ban kuma taɓa tambayarsa dalili ba.

Baƙon ya daɗe yana duban kunnena, sannan ya rusuna cikin ladabi.

"To Malam, jibi da hantsi zan zo in ɗauki karatu."