Awarwaro a Bakin Tanderu

Ma'aikata sun yi nasara a yajin aikinsu: an ƙara albashi, an amince da ƙungiya. Mutum ɗaya ne kawai ba a rataya wa furanni a wuya ba.

Shi ne dattijon da ke kula da tanderun narka ƙarfe a wata masana'anta ta jihar Bihar a ƙasar Indiya, 'yan shekaru bayan tafiyar Turawa. Ranar da kowa ya ajiye aiki, shi ƙofar masana'anta ya nufa da ƙunshin gurasarsa. Matan ma'aikata suka yi masa abin da ake yi wa mai karya yaji: suka zura masa awarwaro a hannu.

"Sun yi maka kyau, Kawu!" in ji matar maƙwabcinsa. "Gobe sai lalle."

"Ki haɗo da kwalli," ya ce, ya shige.

Bai narka wa kamfani ko cokali ba. Kwal kawai yake zubawa, don ya san in tanderu ya huce, ƙarfe zai daskare a ciki, sai dai a rushe shi, aikin kowa ya bi shi.

Da aka sasanta, ma'aikata suka shigo da kiɗa, suka tarar wuta na ci. Shugaban ƙungiya ya dubi wutar, ya dubi hannun dattijon.

"Cire su mana, Kawu."

"Wadda ta sa min ita za ta cire."

Ranar Lahadi ƙungiya za ta zauna kan batun korarsa daga cikinta. Har yanzu awarwaron na hannunsa.