Garken Agogon Bube

Ranar kasuwar Kankiya Bube ya fito da tsintsiyar hannu babu komai, kuma duk wanda ya san shi ya san ma'anar haka: yau za a ƙara sabon agogo.

Mutumin Kusada ne, mahaifinsa ya rasu ya bar masa shanu. Da kuɗin fetur ya fara zuba, ya ga 'yan kwangila suna shiga mota suna fita, sai warin kashin shanu ya soma damunsa. Ya tattaro ya dawo Kankiya, ya ɗinka manyan riguna, ya samu gefen tabarma a majalisar Alhaji Kabo da ke gindin bishiyar bedi. Kwangila dai ba ta samu ba. Abin da ya samu shi ne agogo.

Ba kowane agogo ba, na masu nutso cikin teku. Gajere mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya rantse masa cewa ko a gindin teku aka ajiye shi ba zai tsaya ba. Bube kuwa ko rafin Kunduru ne ya kawo ruwa, sai ya zauna a baki ya jira ya janye. Amma idan ya zo alwala sai ya kwarara wa agogon ruwan buta da gangan, yana satar kallon masu kwance nasu suna sa wa a aljihu.

Kuɗin na farko karsana ɗaya. Matarsa Hawwa, wadda da nonon shanun nan take riƙe da gidan, ta yi kuka ta yi faɗa har maƙwabta suka shigo. Da zancen na biyu ya taso ba ta yi faɗa ba, har ta ce Allah ya sa albarka. Bube ya gaya wa majalisa cewa zaman birni ya fara ratsa ta.

Daga nan abin ya zame masa ciwo. Bayan 'yan watanni Gajere zai aiko cewa wani sabon agogo ya iso daga Ikko. Da safe Bube zai kwance na hannunsa ya miƙa wa Hawwa ta adana a kwalla, don yana son a ga shigarsa kasuwa hannu wayam a ga fitarsa da sabo. Ita za ta ɗauki ƙwaryar nononta ta riga shi fita, shi kuma sai bayan azahar zai taho da saniya a igiya. Ya sayi mai maɗaurin baƙar roba, ya sayi mai sarƙar ƙarfe, da mai jar fata, da mai zane kamar bayan kada. Shanun kuwa Gajere ya ce yana da mai kwasa a Dudunni.

Fuskokinsu duka baƙaƙe ne, don Gajere ya ce a ƙarƙashin ruwa baƙi kaɗai ake gani. Kowanne yana da ɗan karce kusa da ƙarfe uku, wannan kuma shaidar kamfani ce, kamar yadda ake tsaga kunnen saniya. Kowanne yana makara da minti biyar, lokacin teku ke nan. Bube ya riƙa maimaita wannan ilimi a majalisa har da gyaran murya.

Abu ɗaya ne bai yar ba daga ruga. Mahaifinsa ya ja masa kunne cewa ba a ƙidaya garke, ba a jera dukiya a idon mutane. Ranar da ka ƙirga, ranar ta fara raguwa. Don haka bai taɓa ɗaga murfin kwallar nan ba. Da baki yake cewa bakwai, yana jin daɗinsu a zuci. Ainihin garken yana ta zaizayewa, amma tunda nonon da Hawwa ke kaiwa kasuwa bai ragu ba, sai ya ce albarka ce.

Wata Juma'a Alhaji Kabo ya gaji da jin labarin teku.

"Bube, mu hwa ɗaya-ɗaya munka gani. In kak kawo bakwai ɗin nan munka gan su jere bisa tabarmag ga, ni zan tashi in ba ka buzuna. In babu, ka koma ka ci gaba da tatsa."

Majalisa ta kwashe da dariya. Kalmar tatsa ta soke shi fiye da komai, don ita ya baro Kusada yana gudu. Ya tuna gargaɗin mahaifinsa, ya tuna buzun Kabo, buzu ya rinjaya.

Hawwa ba ta nan, ta je Dudunni duba yayanta Bubayero. Ya shiga ɗakinta ya sauko da kwallar, bai buɗe ba, don in za a karya doka gara a karya ta sau ɗaya a gaban shaidu. Ya rungumo ta ya ratsa gari, mutane suka biyo shi a baya. Ya ƙwala wa Gajere kira ya zo ya shaida, sai ya hange shi yana rufe rumfa da sauri, wai ciki ya murɗa masa.

A gindin bedi aka yi zobe. Bube ya kwance na hannunsa ya kwantar a kan tabarma, ya ce ga ɗaya. Ya yi bisimilla ya ɗaga murfi, ya warware ƙyallen da ke ciki.

Maɗaurai shida ne a naɗe tsaf, na roba da na sarƙa da na fata, kowanne an goge shi da man shanu don kada ya tsage. Babu wanda ke ɗauke da agogo.

A daidai lokacin Hawwa tana tsugune a rugar yayanta tana tatsar shanunta guda shida. Agogo ɗaya Bube ya mallaka a duniya, ga shi nan a kan tabarma yana makara da minti biyar, kuma sau shida yana sake sayensa daga hannun matarsa, Gajere na canza masa maɗauri kawai.