Tumbin Direban Bas

Sau uku ke nan Dattijo yana ja da kujerarsa baya, don tumbinsa ya fara gogar sitiyari. Ba tsufa ya jawo masa wannan suna a tasha ba, haƙuri ne. Shi ke tuƙa bas ɗin ma'aikata, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ke kwance, ga marayun ƙaninsa. Direban da uzuri ya kama kuwa, Dattijo ne zai karɓi aikinsa, ko da bai rintsa ba.

"Dattijo, wata nawa ne? A faɗa mana mu shirya suna!" in ji bakaniken tashar.

"Tagwaye ne, sai ka tanadi rago biyu," ya ce, aka kwashe da dariya.

Matarsa kaɗai ce ba ta dariya. "Maigida, ci ba ka ci, barci ba ka yi. Ƙafafunka na ramewa, ciki na gaba. Mu je asibiti mana."

"Idan na kwanta, wa zai tsaya?"

Maimakon asibiti, sai ya daina karin kumallo, wai tumbin zai saɓe.

Wata safiya, bas cike da mutane, ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi, bakinsa na karkacewa. Bai firgita kowa ba. Ya saki totur, ya lallaɓa motar gefen titi da hannu ɗaya, ya ja birki, ya kashe inji. Sai a nan ya kife kan sitiyari. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

A asibiti likita ta zaunar da matar. "Baiwar Allah, wannan ba tumbin jin daɗi ba ne. Akwai sinadarin da ake kira kotisol, jiki kan sake shi in mutum na cikin damuwa. Idan damuwa da rashin barci suka daɗe, yakan tara kitse a ciki, ya tayar da suga da hawan jini. Jinin ne ya shanye masa ɓarin jiki."

Direbobi suka zo dubiya. Bakaniken ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar Dattijo ya iya furta magana: "Fasinjojina... sun isa aiki?"

Sun isa. Shi ne bai sake hawa waccan kujera ba.

Jama'a, ba kowane tumbi ne alamar hutu ba. Mai ɗauke da nauyin kowa, ku rage masa, ku bar shi ya yi barci, ku raka shi awo tun yana kan ƙafafunsa.